Tambayoyi da Amsoshi Kan Mazaunin Enzayim Mai Daidaita Ƙarfen Jiki a Tantanin Ƙwayar Hanta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban likitanci da na kimiyyar sinadaran jiki a Zariya suka fi yi idan karatu ya iso kan yadda hanta take kula da sinadarin ƙarfe, an kuma haɗa da wasu da suke fitowa daga bakin ma'aikatan jinya da masu awon jini. Galibin ɗalibai suna haddace sunan enzayim ɗin da ke daidaita ƙarfen (enzayim furotin ne mai gaggauta aikin sinadarai a jiki) da aikinsa, amma idan aka tambaye su inda yake zaune sai su ce a hanta, su yi shiru, alhali kuwa ba a fahimtar aikinsa sai an san ainihin gurbin da yake ciki da kuma inda ya fuskanta.

Wane enzayim ake magana a kai, tun da akwai da dama masu hannu a sha'anin ƙarfe?

Wanda ake nufi a nan shi ne matiriftes-2, wanda tsarin ƙera shi yake rubuce a ƙwayar gado mai lamba TMPRSS6 da ke kan kuromosom na 22. Masu bincike a Jami'ar Oviedo ta ƙasar Sifaniya, a ɗakin gwajin Carlos López-Otín, su ne suka bayyana shi a shekarar 2002, kuma tun a lokacin sun lura cewa hanta ta fi kowace gaɓa yin sa. Yana cikin dangin enzayim masu yanka furotin waɗanda suke amfani da amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) mai suna serin a bakin yankansu, dangi ɗaya da tirifsin da ke narkar da nama a hanji da turombin da ke daskarar da jini. An shekara shida ana saninsa ba tare da an gano amfaninsa ba, sai a 2008 bincike daga wurare daban-daban, na ɓeraye da na mutane, ya haɗu a kan cewa shi ne yake hana hanta wuce gona da iri wajen tsare ƙarfe.

Matiriftes-2 ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Ba ya ɗaukarsa, ba ya ajiye shi, ba ya kuma sauya masa siffa. Abin da yake yi shi ne rage yawan hefsidin da hanta take fitarwa, hefsidin kuwa shi ne sinadarin da ke yanke hukunci kan yawan ƙarfen da zai shiga jini.

To, a taƙaice, a ina yake zaune?

Yana zaune a tantanin waje na ƙwayar hanta (ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin halitta da suka haɗu suka yi hanta), wato fatar da ta kewaye ƙwayar ta raba cikinta da abin da ke wajenta. Ya ratsa tantanin sau ɗaya tak, 'yar gajeriyar wutsiyarsa tana ciki, kansa mai yanka da mafi yawan jikinsa suna waje. Fagen aikinsa kuma shi ne ɓangaren tantanin da ke kallon jini, domin a nan ne furotin ɗin da yake aiki a kansu suke.

Malam, me ake nufi da ɓangaren da ke kallon jini? Ashe tantanin ƙwaya ba ɗaya ba ne ko'ina?

A ƙwayar hanta ba ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne wurin da ya cancanci a tsaya a kai. Hantar babban mutum tana kai kimanin kilo ɗaya da rabi, wajen kashi 80 cikin ɗari na girmanta kuwa ƙwayoyin hanta ne, kowacce faɗinta tsakanin maikuromita 20 zuwa 30 (maikuromita dubu ne suke yin milimita ɗaya). Duk wanda ya taɓa duba yankan hanta da aka rina a ƙarƙashin madubin awo zai tuna yadda ƙwayoyin suke jere sahu-sahu, launinsu ja-ja mai haske da ɗigon cibiya shuɗi a tsakiyar kowacce, dukkan sahun suna nufar wata jijiya guda, tsakanin sahu da sahu kuma akwai siririyar hanyar jini da take bayyana kamar farin tsagi. Kimanin kashi uku cikin huɗu na jinin da ke bin waɗannan hanyoyi daga hanji da saifa ya taso ta jijiyar fotal, sauran kuma shi ne mai ɗauke da iskar oksijin daga zuciya.

Bangon waɗannan hanyoyin jini yana da ƙananan huji masu faɗin kimanin nanomita 100 (nanomita dubu ne suke yin maikuromita ɗaya). Jajayen ƙwayoyin jini ba sa iya wucewa ta cikinsu, amma ruwan jini da furotin ɗin da ke cikinsa suna tsiyaya su shiga wani ɗan fili da ke tsakanin bangon da ƙwayar hanta, wanda ake kira filin Disse, da sunan Joseph Disse, Bajamushe masanin ƙirar jiki. Saboda haka fuskar ƙwayar hanta da ke kallon wannan fili kullum a jiƙe take da ruwan jini, kuma ta yi gashi-gashi na ƙananan yatsu domin faɗinta ya ƙaru.

Wanda ya san gidajen cikin birnin Zazzau ba zai sha wahalar gane tsarin ba. Zaure yana kallon titi, ta nan baƙo yake sallama kuma ta nan saƙo yake shiga, a can baya kuwa akwai rariyar da ruwan wanke-wanke yake fita, kuma ba a taɓa karɓar baƙo ta rariya. Fuskar da ke kallon filin Disse, tare da gefunan da ƙwaya take jingina da maƙwabciyarta, ita ce zauren. Fuska ta biyu ƙarama ce, ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tantanin ba, wani tsagi ne mai faɗin kimanin maikuromita 1 da ƙwayoyi biyu maƙwabta suke haɗuwa su yi, kuma ta nan ake zubar da ruwan maɗaciya ya kama hanyarsa zuwa hanji.

Tun 1972, lokacin da Singer da Nicolson suka bayyana tsarin tantani, aka san cewa shimfiɗa biyu ce ta maiƙo wadda furotin suke yawo a cikinta, ba a kafe suke wuri ɗaya ba. Abin da ya hana furotin na fuskar jini ya zame ya faɗa fuskar maɗaciya shi ne wani matsattsen ɗinki na furotin da ya kewaye tsagin, wanda kuma shi ne yake hana ruwan maɗaciya komawa cikin jini.

Da me yake maƙale a tantanin, kuma me ya sa ake cewa kansa yana waje?

Cikakken matiriftes-2 na ɗan Adam sarƙa ce ta amino asid 811. Farkon sarƙar shi ne wutsiyar da ke cikin ƙwaya, daga nan sai wani ɗan yanki na amino asid kimanin ashirin waɗanda ba sa jituwa da ruwa, su ne suke nutse a cikin maiƙon tantani su riƙe enzayim ɗin. Duk abin da ya biyo baya a waje yake: gaɓa ɗaya mai suna SEA, gaɓoɓi biyu masu suna CUB, gaɓoɓi uku masu kama da na mai karɓar kolestarol, sannan a ƙarshe kan da ke yanka, inda amino asid uku, histidin da asfatet da serin, suke haɗuwa su yi aikin. Furotin ɗin da farkon sarƙarsu yake ciki ƙarshenta yake waje ana sa su a rukuni na biyu na furotin masu ratsa tantani, kuma wannan tambaya ce da ake yawan faɗuwa a kanta a jarrabawa, domin mafi yawan masu karɓar saƙo da ɗalibi ya saba gani akasin haka suke zaune.

Ma'anar wannan zama ita ce matiriftes-2 ba ya iya yanka komai a cikin ruwan ƙwaya. Abin da ke gabansa kawai shi ne furotin ɗin da suka leƙo waje daga tantani ɗaya da shi.

Me yake yankawa a wurin, kuma ta yaya hakan yake shafar ƙarfe?

Jikin babban mutum yana riƙe da ƙarfe giram 3 zuwa 4, wajen kashi biyu cikin uku a himogulobin, furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar oksijin. A kullum ɓargo yana buƙatar miligiram 20 zuwa 25 domin ƙera sababbin jajayen ƙwayoyi, kuma kusan dukkansa daga tsofaffin ƙwayoyin da suka cika kwana 120 ake kwashe shi a sake amfani da shi, abin da hanji yake tsotsa daga abinci kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne kacal. Jiki ba shi da hanyar zubar da rarar ƙarfe da gangan, don haka a mashiga ake yin tsaro. Furotin guda ne yake fitar da ƙarfe daga ƙwaya zuwa jini, sunansa ferofotin, an gano shi a 2000, yana kuma nan a ƙwayoyin farkon ƙaramin hanji, da ƙwayoyin da ke cinye tsohon jini a saifa da hanta, da ƙwayoyin hanta kansu. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz da abokan aikinsu suka nuna cewa hefsidin, wanda amino asid 25 ne kawai, yana kama ferofotin ya sa a janye shi cikin ƙwaya a lalata shi. Idan hefsidin ya yi yawa ƙarfe ba ya shiga jini, idan ya yi ƙasa sai ya kwararo.

Umarnin ƙera hefsidin daga saman tantanin ƙwayar hanta yake farawa. Idan ƙarfe ya taru a jiki, ƙwayoyin da suka yi bangon hanyoyin jinin nan suna fitar da wani furotin mai suna BMP6, kamar yadda binciken 2017 ya tabbatar, shi kuma ya tsallaka filin Disse ya sauka kan masu karɓarsa a fuskar ƙwayar hanta. Akwai mataimaki mai suna hemojubelin da ke ƙarfafa wannan haɗuwa. Shi bai ratsa tantani ba, an ɗaure shi ne da wata igiyar sukari da maiƙo a shimfiɗar waje. Daga nan saƙon yake shiga ciki ta hannun furotin ɗin SMAD har ya kai cibiyar ƙwaya, a kunna ƙwayar gadon hefsidin. A kusa da su akwai wasu furotin biyu, HFE da mai karɓar tiransferin na biyu, waɗanda suke auna yawan ƙarfen da tiransferin, furotin mai jigilar ƙarfe, yake ɗauke da shi a cikin jini. A 2007 masu bincike a Jamus suka nuna da hoton madubi cewa hemojubelin da mai karɓar tiransferin na biyu duk a fuskar jini suke zaune.

A 2008 ɗakin gwajin Clara Camaschella a birnin Milan na Italiya ya nuna cewa matiriftes-2 yana yanka hemojubelin daga kan tantani, ta haka saƙon BMP yake raunana, hefsidin ya sauka, ƙarfe ya samu hanya. Enzayim mai yanka ba ya aiki daga nesa, sai ya taɓa abin da zai yanka, kuma tun da shi da hemojubelin duk a ɗaure suke a tantani, dole su kasance a fuska ɗaya. Da a ce an kai matiriftes-2 fuskar maɗaciya, da lafiyarsa ƙalau zai zauna a can ba tare da ya tsinana wa jiki komai ba.

Shin hemojubelin kaɗai yake yankawa?

Labarin da aka fara koyarwa ke nan, amma bincike ya faɗaɗa shi. Ɗakin gwajin Caroline Enns da An-Sheng Zhang a jihar Oregon ta Amurka ya ba da rahoto a 2017 cewa a ƙwayoyin gwaji enzayim ɗin yana iya yanka wasu daga cikin masu karɓar BMP, da HFE, da mai karɓar tiransferin na biyu. A 2020 kuma suka nuna a jikin ɓeraye cewa gaɓoɓinsa na waje suna taimakawa wajen danne hefsidin ta hanyar riƙe waɗannan furotin, ko da ba a yi yankan ba. A ganina wannan ya ƙara wa batun mazauni nauyi, domin riƙo ya fi yanka buƙatar zama kafaɗa da kafaɗa.

Yana nan daram a tantanin ne, ko yana motsawa?

Yana motsawa, kuma zamansa a saman ƙwaya na ɗan lokaci ne. Ana fara ƙera shi a ragar tantanin da ke cikin ƙwaya, inda ake naɗe shi a liƙa masa sukari, sai ya bi ta tashar Golji a ƙarasa gyara shi, sannan a ɗora shi a ƙananan jakunkuna a kai shi tantanin waje. Yana isa can ne a kulle, ba ya yanka komai, sai an tsaga shi a wani gurbi da ke gaban kansa mai yanka, kuma matiriftes-2 ɗin da kansa ne yake yin wannan tsaga. Bayan an buɗe shi, kan yana nan maƙale da sauran jikin ta wata gadar sinadarin salfa.

Daga nan hanya biyu ce. Wani kason ana guntule shi ya saki tantani ya faɗa ruwan da ke waje. Wani kason kuma ƙwaya take haɗiye shi, kamar yadda masu bincike a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada suka nuna a 2011: tantani yana lotsawa ciki ya zama jaka, jakar ta kai shi laisosom inda ake narkar da shi, kuma alamar da ke ba da umarnin haɗiyar tana kan 'yar wutsiyar nan da ke cikin ƙwaya. Da suka lalata alamar sai enzayim ɗin ya daɗe a waje, ya ci gaba da yanka hemojubelin, hefsidin ya ƙara sauka. Haka nan an nuna cewa idan ƙarfe ya yi ƙaranci a cikin ƙwaya ana jinkirta lalata matiriftes-2, ya taru a tantani, wanda kuwa daidai yake da buƙatar jiki a irin wannan hali.

Yaya ake gane mazaunin abin da ido ba ya gani?

Kaurin tantani bai kai nanomita 10 ba, madubin haske na yau da kullum kuwa ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, saboda haka sai an yi dabara. Hanya ta farko ita ce a samo antibodi mai kama furotin ɗin da ake nema, a rataya masa rini mai ƙyalli, a zuba a kan yankan hanta ko ƙwayoyin da aka raina a faranti, sannan a duba da madubi mai amfani da hasken leza. Ana haɗawa da rini na biyu mai kama furotin da aka riga aka san mazauninsa, misali famfon sodiyam da fotasiyam wanda yake fuskar jini, ko MRP2 wanda yake fuskar maɗaciya. Idan kore da ja suka hau kan juna suka ba da rawaya, to wuri ɗaya suke. Idan kuma aka yi rinin ba tare da an huda tantanin ba, amma duk da haka antibodi ya kama, wannan shaida ce cewa gaɓar da ya kama a waje take.

Hanya ta biyu ita ce a shafa wa ƙwayoyi masu rai wani nau'in bayotin da ba ya ratsa tantani, a kan ƙanƙara domin haɗiya ta tsaya, sannan a fasa ƙwayoyin a tsamo duk furotin da bayotin ya liƙe masa. Ta uku ita ce tsohuwar hanyar da Albert Claude da Christian de Duve suka shahara da ita, wadda ta kai su ga kyautar Nobel ta 1974 tare da George Palade: a niƙa hanta, a juya ta a na'ura mai tsananin gudu, sassan ƙwaya su rabu gwargwadon nauyinsu.

Mai karanta irin waɗannan rahotanni ya riƙa duba wace ƙwaya aka yi amfani da ita. Yawancin gwajin matiriftes-2 an yi shi ne a ƙwayoyin da aka cusa wa ƙwayar gadon suka ƙera shi fiye da kima, wasunsu ma, irin su HEK293, ba na hanta ba ne kuma ba su da fuska biyu. Irin wannan gwaji yana iya tabbatar da cewa furotin ya kai saman ƙwaya kuma kansa yana waje, amma batun wace fuska sai a yankan hanta na gaskiya ko a ƙwayoyin da suke yin tsagin maɗaciya.

Ana maganar wasu tsibirai na maiƙo a cikin tantani. Suna da alaƙa da wannan?

Suna da ita. A 1997 Kai Simons da Elina Ikonen suka gabatar da ra'ayin cewa kolestarol da wasu nau'o'in maiƙo suna dunƙulewa su yi ƙananan yankuna a tantani inda wasu furotin suke taruwa. Furotin masu ɗaurin sukari da maiƙo irin na hemojubelin suna son waɗannan yankuna, kuma a 2006 an samu mai karɓar tiransferin na biyu a cikinsu. Ke nan ko a fuskar jini ba a warwatse kayan aikin suke ba.

Sauran enzayim ɗin ƙarfe fa, su a ina suke?

Kowanne yana inda aikinsa yake. Furin, wanda yake yanka hefsidin daga doguwar siffarsa ta farko zuwa amino asid 25, a tashar Golji ya fi zama. Him oksijines, mai fasa him (ɓangaren himogulobin da ke riƙe ƙarfe) ya saki ƙarfe, a ragar cikin ƙwaya yake maƙale. Ferokilates, mai saka ƙarfe a cikin him, yana tantanin ciki na maitokondiriya, sashen ƙwaya mai samar mata da kuzari. Serulofulasmin kuwa hanta ce take ƙera shi, amma mafi yawansa sakinsa take yi cikin jini, inda yake sauya ƙarfen da ya fito ta ferofotin zuwa siffar da tiransferin yake iya ɗauka. Idan aka ce enzayim na tantanin waje na ƙwayar hanta mai daidaita hefsidin, matiriftes-2 ake nufi.

Me yake faruwa idan enzayim ɗin ya lalace, ko bai kai tantani ba?

Amsar farko daga ɓera ta zo. A ɗakin gwajin Bruce Beutler a Kalifoniya an samu wani ɓera da gashin jikinsa ya zube, na fuskarsa kaɗai ya rage, yana kuma fama da ƙarancin jini irin na rashin ƙarfe. Da aka bincika sai aka ga matiriftes-2 ɗinsa ba shi da kai mai yanka, hefsidin ɗinsa kuma ya yi sama. An wallafa wannan a 2008, kuma a shekarar ne Karin Finberg da abokan aikinta suka samu lahani a TMPRSS6 a wasu iyalai masu ƙarancin jinin da ba ya jin ƙwayar ƙarfe, cutar da ake taƙaita sunanta da IRIDA.

Yawanci tun yarinta take bayyana. Jajayen ƙwayoyin yaron ƙanana ne ƙwarai, a madubi tsakiyarsu fari fat sai ɗan siririn ja a gefe, cikar tiransferin da ƙarfe tana ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, amma hefsidin, wanda ya kamata a ce ya ɓace a irin wannan yanayi, yana nan daidai ko ma sama. Ƙwayar ƙarfe ta baki ba ta yin wani tasiri, allurar jijiya kuma tana gyara abin ne a hankali, ba gaba ɗaya ba. Wasu daga cikin lahanonin suna kashe bakin yankan, wasu suna hana buɗe enzayim ɗin, wasu kuma suna sa ya naɗe ba daidai ba har ƙwaya ta tsare shi a ciki, kuma a wajen majiyyaci sakamakon duk ɗaya ne. Sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka biyu kafin cutar ta bayyana, don haka ta fi yiwuwa inda auren zumunci ya yi yawa.

Malam, muna ganin mata a wajen awon ciki da suke shan ƙwayar ƙarin jini amma awonsu ba ya tashi. Wannan cutar ce?

Da wuya ƙwarai. IRIDA cuta ce da ba a cika gani ba, kuma a ƙasar Zazzau akwai dalilai da yawa da suka fi ta kusa. Na farko shi ne ko ana shan ƙwayar ma, domin tana tayar da zuciya, tana ƙulle ciki, tana kuma mai da bayan gida baƙi, kuma mace da dama idan ba a yi mata bayani tun farko ba sai ta tsorata ta ajiye. Sai zubar jini a ɓoye, da tsutsar hanji mai shan jini, da shan shayi tare da ƙwayar, da ƙarancin folik asid, da zazzaɓin cizon sauro. Binciken da Alan Fleming da Kelsey Harrison da abokan aikinsu suka yi a Zariya a kan masu cikin fari, wanda aka wallafa a 1986, ya nuna cewa kare mace daga zazzaɓin cizon sauro yana rage tsananin ƙarancin jini sosai.

Hefsidin yana da hannu a nan ma, amma ta wata ƙofar daban. Idan akwai cuta mai kumburi a jiki, sinadarin IL-6 yana sauka kan nasa mai karɓar a ƙwayar hanta ya tayar da hefsidin, ko da matiriftes-2 lafiya lau yake, sai hanji ya daina tsotsar ƙarfe har sai an magance cutar. Ita kanta ƙwayar ƙarfe tana tayar da hefsidin na kimanin awa 24, kamar yadda binciken birnin Zurich na 2015 da 2017 ya nuna, shi ya sa wasu likitoci suke ba da ita sau ɗaya a rana ko rana bayan rana. Wannan hukunci ne na likitan da yake duba majiyyaciya.

Cin hanta yana ƙara wa mutum wannan enzayim?

A'a. Wuta tana lalata shi, abin da ya rage kuma ciki ya narkar da shi kamar kowane nama. Amfanin hanta shi ne ƙarfen da ke cikinta, wanda hanji ya fi saurin tsotsa fiye da na zogale ko alayyafo ko wake, sai dai mai ciki ta yi hattara da yawaita cinta saboda tarin bitamin A da ke ciki.

Masu sikila da ake yi wa ƙarin jini akai-akai fa?

Matsalarsu sau da yawa akasin ta baya ce. Kowace ledar jini tana ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, kuma wannan ƙarfe bai bi ta hanji ba, don haka hefsidin da matiriftes-2 ba su da ikon tare shi. Yana taruwa a hanta, kuma idan aka rina yankanta da rinin Perls sai a ga ɗigo-ɗigon shuɗi a ƙwayoyin Kupffer, masu cinye tsohon jini, da ke cikin hanyoyin jini, daga baya kuma a ƙwayoyin hanta kansu. Maganinsa shi ne magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi, irin su deferasirox da deferoxamine. Kada a bai wa mai sikila ƙwayar ƙarfe don kawai an ga ya yi fari, sai an auna feritin, mai nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye, an tabbatar yana buƙata.

Akwai maganin da ake haɗawa domin wannan enzayim?

Akwai, kuma manufarsa rage enzayim ɗin ce da gangan domin hefsidin ya tashi, a cututtukan da ƙarfe yake shiga jiki fiye da kima ko ɓargo yake ƙera jini fiye da kima. A 2013 ƙungiyoyi biyu na masu bincike suka nuna cewa rage TMPRSS6 a ɓeraye masu talasimiya, wata cutar ƙarancin jini ta gado, da masu lahanin HFE yana rage taruwar ƙarfe. Daga nan aka kai ga gwaji a mutane da magunguna irin su sapablursen wanda kamfanin Ionis ya ƙirƙira da divesiran na kamfanin Silence Therapeutics, musamman a cutar yawan jajayen ƙwayoyin jini mai suna folisaitimiya bera.

Waɗannan magunguna ba sa kama enzayim ɗin da ke tantani, suna lalata saƙon RNA ne da ake ƙera shi da shi, don haka dole su shiga cikin ƙwayar hanta. Ana rataya musu wani sukari mai suna GalNAc, wanda mai karɓarsa, ASGPR, yake da yawa ƙwarai a fuskar ƙwayar hanta da ke kallon jini kuma ba a cika samunsa a sauran gaɓoɓi ba. Ana yin allurar a ƙarƙashin fata, maganin ya bi jini ya ratsa hujin bangon hanyoyin hanta zuwa filin Disse, mai karɓar ya kama shi a haɗiye shi. Tun da tsohon matiriftes-2 da ke tantani kullum ana janye shi ana narkarwa, dakatar da ƙera sabo ya isa ya sa yawansa ya ragu, hefsidin ya tashi, ƙarfen da ke isa ɓargo ya yi ƙasa.